Sikatin ya sha fenti: da me ake cire shi ba a ɓata tayil da katako ba?

Maman Ilham:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ina neman shawarar masu sana'a. Gidan da za mu koma, sikatin ɗinsa, wato zagayen da ke bin gindin bango ta cikin ɗaki, iri uku ne. Na falo tayil ne, masu fenti sun ɗiɗɗiga masa farin fenti, ya bushe yau kusan mako uku. Na ɗakuna biyu tsohon katako ne, fentin ya yi kauri ya tsattsage. Na korido kuma siminti ne da aka shafa wa baƙin fenti, yana ta ɓarewa da kansa. An ce in sayi asid ɗin wanke tayil in zuba wa duka. Haka ne?

Nura Mai Tayil:
Wa alaikumus salam Hajiya. Don Allah kada ki sayi asid ɗin nan. Aikinsa cin siminti ne, ba ya narka fenti ko kaɗan. Idan aka zuba shi, fentin na nan zaune, shi kuwa farin simintin da ke tsakanin tayil ya zaizaye ya koma gari. In ƙasan tarazo ne ko mabul, nan take zai cinye ƙyallin ya bar tabo fari wanda sai injin goge ƙasa ke fitar da shi. Tururinsa ma kaɗai yana sa hannun ƙofa da hinjis su yi tsatsa cikin kwana biyu.

Malam Habu Mai Fenti:
Nura ya faɗi gaskiya. Hajiya, kafin a sayi komai, a fara sanin wane irin fenti ne, domin maganin wani ba ya yi wa wani. Ki sayi sipirit a kemis, wanda ake goge wurin allura da shi. Ki jiƙa auduga ki dirza wuri ɗaya kamar daƙiƙa 30. In fentin ya yi laushi ya biyo audugar, na ruwa ne, wato emolshon. In audugar ta fito da datti kawai fentin bai motsa ba, na mai ne, gulos. Ki gwada a wurare ukun daban-daban, kada ki ɗauka duka ɗaya ne.

Maman Ilham:
Na gwada yanzu Malam. Na falo ya biyo audugar fari fat. Na katako da na korido ko gezau.

Nura Mai Tayil:
Madalla, na falo shi ne mafi sauƙi. Ruwan ɗumi lita 5, omo cokali biyu. A jiƙa tsohon tawul a shimfiɗa shi a jikin sikatin ɗin, ya zauna minti 15. Yanzu da iskar hunturu ke kaɗawa tawul yana bushewa da wuri, sai a ɗora leda a kansa. Emolshon in ya sha ruwa yana kumbura ya saki tayil, domin dama bai kama shi ba, zama kawai ya yi a kan santsi. Sai a kankare da abin roba, tsohon katin banki ya isa. Wanda ya ƙi fita a bi shi da sabuwar reza, a kwantar da ita sosai, kada a tsayar da ita a kan bakinta, kuma wurin ya kasance a jiƙe. Reza mai tsatsa ko mai giɓi ita ke jan layi a tayil. Ɗan hazon da ya rage a goge da sipirit.

Abu ɗaya da mutane ke mantawa: saman sikatin, inda ya haɗu da bango. Fentin bango da wanda ya zubo fata ɗaya ce. In aka ja na ƙasa sai ya yago na bango ya hau da shi. A fara jan reza a tsawon layin a raba su, sannan a kankare.

Ɗanlami:
Ni a ganina duk wannan dogon aiki ne. Soson ƙarfe da fetur kaɗan, minti goma an gama.

Malam Habu Mai Fenti:
A'a ƙanina, kada ka koya wa mutane wannan. Fetur ba ya narka emolshon da ya bushe, jiƙa shi kawai yake yi. Sannan tururin fetur ya fi iska nauyi, ƙasa yake bi yana tafiya, har ya isa kicin ko wurin soket. A ɗaki rufe, tartsatsin makunnin fitila ya isa ya tayar da gobara. Shi kuma soson ƙarfe yana barin baƙin zane a tayil mai ƙyalli, ɓarɓashinsa ya maƙale a layin siminti ya yi tsatsa ja bayan an yi mopin. In dai soso ne, a yi amfani da na roba mai laushi.

Nura Mai Tayil:
Ƙari a kan layin tsakanin tayil: shi yana shan fenti don yana da ƙofofi. A dirza da tsohon buroshin haƙori da sipirit. In ya ƙi, a kankare saman layin kamar milimita 2 a sake cikawa da farin siminti. In kuma fentin da ya zubo mai yashi ne irin na bangon waje, kada a ja shi a bushe ko kaɗan, yashin cikinsa ne zai karce tayil ɗin.

Baba Isa Kafinta:
To mu zo kan katako, nan aikin yake. 'Yata, kafin ki kashe ko sisi, ki ɗauki bayan sukudireba ki bi sikatin ɗin kina ƙwanƙwasawa daga kusurwa zuwa kusurwa. Inda ya yi ƙara kamar ganga, gara ta cinye cikin, fentin ne kawai ke riƙe da siffar. Ki danna bakin sukudireban a ƙasa kusa da daɓe, in ya nutse, wannan katakon cirewa za a yi a sa sabo bayan an zuba maganin gara. Ba a ɓata kuɗin kankara a kan ruɓaɓɓen katako.

In katakon na da ƙwari, sai a duba fentin. Ba kowane tsohon fenti ake cirewa ba. Wanda ya kama da kyau, launi kawai ya dushe, wankewa ake yi da ruwan omo, a ɗan goge da sanfefa mai lamba 120 don sabon ya samu wurin kamawa, a sa andakot, wato fentin shimfiɗa na ƙasa, a sa gulos. Wanda ake cirewa har katako shi ne wanda ya tsattsage kamar bayan kada, ko wanda ya yi kaurin da ya cike zanen da ke saman katakon. In aka yi sabo a kan wannan, tsagar za ta sake fitowa kafin shekara.

Maman Ilham:
Baba irin bayan kadan ne sosai. Na ɓanɓaro wani wuri da farce, na ga launi huɗu: fari a sama, sai ruwan madara, sai kore, can ƙasa kuma rawaya. Injin sanfefa zai yi? Akwai mai ba da haya a unguwarmu.

Hajiya Binta:
Tsaya 'yar'uwa, kada a kunna injin nan tukuna. Koren nan da rawayan nan na ƙasa su ne abin tsoro. Tsohon fentin mai, musamman rawaya, ja, ruwan lemo da kore, sau da yawa da sinadarin dalma ake haɗa launinsa, kuma ana sa ta don fentin ya bushe da wuri. Amurka ta hana fentin gida mai dalma tun 1978, amma a ƙasashenmu an daɗe ana sayar da shi bayan nan. Ma'aunin da Hukumar Lafiya ta Duniya ke goyon baya yanzu shi ne kada dalma ta wuce kashi 90 cikin miliyan a fenti.

Muddin fentin na zaune lafiya a ƙarƙashin wani, haɗarinsa kaɗan ne. Ranar da aka sa masa inji a bushe, ya zama ƙura mai laushi da ke sauka a daɓe, daidai inda yaro ke rarrafe yana sa hannu a baki. Dalma tana taɓa ƙwaƙwalwar yaro, kuma abin da ta ɓata ba ya dawowa. Mun ga abin da ta yi a Zamfara a 2010, a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, inda yara fiye da 400 suka rasu. Can daga dutsen zinariya da ake niƙawa a cikin gida ta fito, ba daga fenti ba, amma hanyar shigarta jiki ɗaya ce: ƙura a ƙasa, hannu, baki. Mai ciki da yara ƙanana kada su shiga ɗakunan har a gama a wanke.

Baba Isa Kafinta:
Hajiya ta yi magana. Shi ya sa ake goge tsohon fenti a jiƙe. Akwai baƙar sanfefa ta masu fentin mota wadda ruwa ba ya lalata ta, ita za a nema. Kuma a shimfiɗa leda mai kauri a ƙasa, faɗin mita ɗaya daga bango, a manne bakinta da tef. Duk abin da ya faɗo a naɗe shi a ciki a ɗaure. Kada a share da tsintsiya, kada a ƙona shi a bola.

Injiniya Sadik:
Hanyoyin cire fentin mai daga katako uku ne, kowacce da inda take cizo.

Ta farko iska mai zafi, da na'urar da ke kama da abin busar da gashi. Tana jan wuta wat 1,500 zuwa 2,000, don haka ƙaramin janareta na fitila da fanka ba zai ɗauke ta ba. A sa ta a ƙaramin zafi, wanda yawanci yake wajen digiri 300 zuwa 350. A riƙe ta nesa da katako kamar faɗin tafin hannu, ana kaɗa ta a wuri mai tsawon taƙi ɗaya. Da fentin ya yi ƙuraje ya taso, sai sikirefa, wato ƙarfen kankara, ta bi bayansa tun yana da laushi. In ya yi baƙi ko ya fara hayaƙi, zafin ya wuce kima, kuma a fenti mai dalma hayaƙin nan guba ne. Wutar gas mai harshe kam kada a kusanto da ita. A kuma duba ko akwai waya a bayan sikatin ɗin ko bututun roba a samansa, a kashe layin, a kare tayil ɗin ƙasa da falle na kwano don zafi na iya fasa shi.

Ta biyu ruwan cire fenti na gwangwani. A karanta jikin gwangwanin. In an rubuta methylene chloride ko dichloromethane, ni ban ba da shawararsa a cikin ɗaki ba. Yana aiki cikin minti 15, amma yana tafasa ne a digiri 40, wato a zafin Afrilu a Kano ko Sakkwato tun daga buroshi yake tashi ya zama tururi. Tururin ya fi iska nauyi kusan sau uku, yana taruwa a ƙasa, mai aikin sikatin kuwa a durƙushe yake fuskarsa na can. Jiki yana mayar da shi irin gubar hayaƙin janareta, kuma takunkumin tsumma ko na asibiti ba ya tare shi. Tarayyar Turai ta yanke hukuncin hana sayar wa jama'a shi a 2009, Amurka ta bi a 2019. Akwai masu sauƙi da aka yi da benzyl alcohol, suna ɗaukar awanni, wani lokaci kwana, amma sun fi aminci.

Ta uku soda, wadda masu sabulu ke amfani da ita.

Malam Habu Mai Fenti:
Injiniya bari in karɓi ta soda, domin ita ce ta fi dacewa da wannan aikin a ganina. Ba ta ta da ƙura, ba ta ta da hayaƙi, ba ta buƙatar wutar lantarki, kuma tana cin fentin mai hawa huɗu a shafa ɗaya ko biyu. Dalili kuwa man da ke cikin fentin take mayarwa sabulu, sai ya narke ya zama taɓo ruwan ƙasa. Shi ya sa ba ta cika yi wa emolshon aiki ba.

Haɗin: ruwan sanyi lita 1 a bokitin roba, soda giram 100. Sodar ake barbaɗawa a cikin ruwa kaɗan-kaɗan ana juyawa da sanda. Ba a zuba ruwa a kan soda, zai yi zafi ya fantsamo fuska. Bokitin zai ɗumama, a bar shi ya huce. A gefe a dama sitaci cokali huɗu a rabin kofin ruwa, a tsiyaya a ciki ana juyawa har ya yi kaurin koko. Kaurin nan shi ke sa ya tsaya a jikin sikatin bai gangaro ba. A shafa da buroshi mai gashin roba, na gashin dabba narkewa yake yi. A shafa da kauri, a rufe da leda, a bar shi awa ɗaya. A ɗaga gefe a gwada da sikirefa, in bai kai katako ba a ƙara awa.

Kada a haɗa a kwanon alminiyam, kada kuma ya taɓa firam ɗin ƙofa na alminiyam, cinye shi yake yi yana fitar da iskar da ke kama wuta.

Baba Isa Kafinta:
Malam Habu ban ƙi taka ba, amma sai an san katakon. Soda tana baƙanta katakon madaci da na loko, su yi duhu kamar an ƙona, kuma ba ya fita da wanki. In 'yata na so ta bar katakon a fili ta sa masa banish, soda ta ɓata mata aikin. Tana kuma tayar da gashin katako, tana sassauta gam a mahaɗa. In farin katako ne irin obeche ko afara da za a sake rufewa da fenti, ba laifi. In kuwa ba katakon gaske ba ne, allon garin katako ne da aka matse, ruwa ko kaɗan kada ya taɓa shi, kumbura zai yi kamar burodi. A kankare wuri kaɗan a bayan ƙofa a ga launin katakon kafin a yanke shawara.

Malam Habu Mai Fenti:
Haka ne Baba, na yarda da batun madaci. Amma gida mai yara da fenti mai yiwuwar dalma, ni na fi son katako ya yi duhu a rufe shi da fenti da a hura masa zafi.

Injiniya Sadik:
In an tsaya a ƙaramin zafi, taga a buɗe, da takunkumi mai matatar ƙura ta gaske, iska mai zafi ba ta kai inda dalma ke tashi. Matsalar ita ce mai aiki in ya gaji sai ya murɗa zuwa babban zafi don ya yi sauri. In ba za a tsaya a kansa ba, to maganar Malam Habu ta fi.

Hajiya Binta:
Wanda zai taɓa soda ya sa safar hannu ta roba mai kauri har gwiwar hannu, da tabarau mai rufe gefe. In ta taɓa fata za a ji santsi kamar sabulu, ba zafi nan take, to fatar ce ke narkewa, a wanke da ruwa mai yawa. In ta shiga ido, a buɗe idon a ƙarƙashin ruwa mai gudana aƙalla minti 20 sannan a tafi asibiti, kada a ɗiga komai a ciki. Kuma don girman Allah kada a ajiye ragowar a gorar ruwa ko kwalbar lemo. Ruwan soda fari ne kamar ruwan sha, yaro in ya kurɓa maƙogwaronsa ke ƙonewa ya tsuke. Abin da ya rage a ƙarar da shi a ranar.

Maman Ilham:
Na duba bayan ƙofa Baba, katakon fari ne mai laushi. Fari zan sake shafawa. Bayan an kankare sai a yi fenti kawai?

Malam Habu Mai Fenti:
A'a Hajiya, nan ne aikin mutane da yawa ke lalacewa. Sodar da ta shige cikin katako in ba a kashe ta ba, za ta ci sabon fentin daga ƙasa, ya ƙi bushewa ya yi danƙo. A wanke da ruwa sau biyu da soso, ana matsewa a bokiti, ba kwarara ruwa ba. Sannan a goge da farin binega da aka haɗa da ruwa daidai wa daida, a sake bi da ruwa zalla. A bar shi ya bushe kwana uku a hunturu, da damina mako guda. In farin gari ya fito a sama, soda ce ta rage, a sake binega. Daga nan sanfefa 120, sai 180, ana bin tsawon katako ba a gicciye ba. A dulmiya kan ƙusoshi, a ɗiga musu jan fentin hana tsatsa, a cike ramin da foti. Firaima, wato shafin farko da ke kama katako, ɗaya, andakot ɗaya, gulos biyu marasa kauri, tsakanin kowane a bar kwana ɗaya.

Ɗanlami:
Na koridon fa? Tunda shi ma na mai ne, ai soda ce.

Injiniya Sadik:
Shi wannan ba ya buƙatar komai ya cire shi, tunda da kansa yake faɗowa. Tambayar ita ce me ke ture shi. Kusan kullum danshi ne. Hajiya, ki kankare wuri, ki manna leda mai faɗin taƙi biyu a jikin simintin, ki rufe gefunan huɗu da tef, ki bar ta kwana ɗaya. In kika ga raɓa a cikin ledar ko simintin ya yi duhu, ruwa na tasowa ta bango. A duba ko bayan bangon banɗaki ne da bututu ke yoyo, ko ƙasar waje ta fi daɓen ciki tudu, ko ruwan indararo na zuba a gindin ginin. Ruwan yana ɗauko gishiri daga bulo, gishirin ya taru a bayan fenti ya ture shi. Gulos kuma ba ya barin bango ya yi numfashi, shi ya sa ya fi emolshon saurin kumbura a irin wurin.

Bayan an tare ruwan, a kankare da sikirefa da buroshin waya, ana ɗan fesa ruwa don ƙura kada ta tashi, tunda shi ma tsohon fentin mai ne. A bar bangon ya bushe. Farin gishirin da zai fito daga baya a goge shi a bushe, in aka wanke shi komawa ciki yake yi. Inda filasta ta ruɓe a fasa a sake, siminti ɗaya yashi huɗu, kuma sabon siminti ya samu kwana 28 kafin fenti. Sai firaima mai jure siminti, sannan launi.

Nura Mai Tayil:
Ko kuma a huta gaba ɗaya a sa sikatin tayil a koridon, santimita 10. Mopin ba ya ɓata shi.

Injiniya Sadik:
Bayan an gyara ruwan, e. In ba a gyara ba, tayil zai toshe masa hanya ne kawai, sai danshin ya hau ya fito a saman tayil ɗin, fentin bango ya fara ɓarewa a can.

Maman Ilham:
Allah ya saka da alheri. Bayan koridon kuwa banɗaki ne, zan sa mai famfo ya duba gobe. Tambaya ta ƙarshe: akwai bututun roba fari da waya ke bi a saman sikatin ɗin falo, shi ma ya sha fenti. Tina, ruwan tsinka fenti, zan sa?

Malam Habu Mai Fenti:
Kada tina ta taɓa shi Hajiya, musamman irin ta masu fentin mota, narkar da saman robar take yi ya yi danƙo ya dushe har abada. A kashe wutar layin daga akwati, a cire murfin bututun, ai ɓallewa yake yi da hannu. A jiƙa shi a baho da ruwan omo minti 20, a murza da tsumma, a bar shi ya bushe sarai kafin a mayar.